Yadda Na Kai Gonata Nijar a Bayan A-kori-kura

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. In na je wurin mai shayi, "Nafi'u, ya ƙasar sefa?" In na fito daga masallaci, tun ban gama sa takalmi ba, "Wai da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu?" Har waɗanda da ba sa gaishe ni yanzu sun koyi gaisuwa. Na san ba burodi ne ya dame su ba. So suke su ji yadda aka yi na tafi da kayan sauti na dawo da katako, kuma sun fi son su ji daga bakina don dariyar ta fi daɗi. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, garinmu ƙauye ne a bayan Dawakin Tofa, inda gona take manne da gona, in ka yi wurgi da fartanya a gonar wani za ta sauka. Da Baba ya rasu aka raba gado, na sami wata 'yar gona mai tsamiya a bakin hanya. Yayana Hamisu ya riƙe tasa, ya ƙara da shanun huɗa. Ni kuwa na sayar wa Alhaji Bala mai taki tawa, na shiga Kano na sayo kayan sauti: manyan sifiku biyu, ƙanana biyu, amfilifaya, mikisa, ikwalaiza da janareta. A wurinmu wanda ya sayar da gona ya sayar ke nan, don babu wani daji da ya rage da za ka shiga ka sari sabuwa. Shi ya sa mutanen gari suka sa wa kayan suna gonar Nafi'u. In an ga na ɗora su a kura za ni gidan biki sai a ce, "A'a, yau ma shuka za a je?" Ban damu ba, tunda tawa gonar tana ba da amfani rani da damina, ba ta jiran ruwan sama.

Dole in ɗan yi bayanin sana'ar, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya same ni ba. Ni mai kaya ne, ba ni nake sa waƙa ba. Mai sa waƙa shi ne dije, kuma ango ne yake zaɓo nasa. Dije zai zo da 'yar kwamfutarsa, ya hau kayan wani, ya yi suna, ya sauka ya tafi abinsa. Abin da ya fi ƙaunar taɓawa shi ne ikwalaiza, wani ɗan akwati mai maɓallai a jere kamar haƙoran mataji, ana tura su sama ko ƙasa. Na hagu su ne na bes, wannan dukan da kake ji a ƙirjinka. Na tsakiya na murya ne. Na dama kuma na siririn sauti ne mai tsini. Ban taɓa ganin dijen da ya zo ya bar su a miƙe ba. Tun kafin ya ji yadda filin yake, zai tura na hagu sama, ya tura na dama sama, ya danne na tsakiya, jerin ya lanƙwashe kamar baki. Mu masu kaya murmushi muke ce masa.

To da ya danne tsakiya, muryar mawaƙi ta nutse. Maimakon ya dawo da ita, sai ya ƙara wa komai ƙarfi. A nan ne amfilifaya za ta fara kunna jar fitila, alamar ta kai maƙura, abin da take tura wa sifika ya daina zama sauti ya koma zafi. A cikin kowace sifika akwai wata siririyar waya da aka naɗe, koyil, ita ce take dahuwa. Dije ba ya ji, don shi kunnensa yana wurin tafi.

Saboda haka ni ba na zama a wurin biki. Ina tsaye a bayan dije, idona a kan fitila. Da ta ƙyafta zan ce, "Ja!" Kalma ɗaya, don a cikin wannan ƙarar ba a jin dogon zance. Daga Dawanau har Watari babu dijen da bai san wannan kalmar tawa ba: fitila ta yi ja, sauke hannunka. Wasu su harare ni, wasu su yi tsaki, amma suna saukewa.

Sai shekarun nan suka shigo. Man janareta ya koma abin da ake saye a kwalbar lemo. Masu biki suka koma a ɗaura aure a raba goro a watse. Ga masu unguwanni sun hana kiɗan dije a garuruwa da dama, wai mu ne muke ɓata tarbiyya, kamar yunwa ba ta ɓata komai. Gonata ta yi wata da watanni a soro, lulluɓe da tsohon zanin Inna, kaji suna kwana a kanta. Yaya Hamisu bai taɓa ce mini ai ya gaya mini ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai dai kawai ya aiko da kwanon tuwo.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, Ɗanliti direba ya zo mini da magana. Shi yana ɗaukar kaya daga kasuwar Dawanau zuwa ƙetare da wata tsohuwar a-kori-kura. Ya ce akwai wani Alhaji Lawali, ɗan kasuwa a wani gari a ƙasar Damagaram, zai yi wa ɗansa aure, kuma ya rantse sai da sono na Kano. Sono shi ne kayan sauti a bakinsu. Da can mu muke yi wa sefa dariya, yanzu nairarmu ce ake juyawa a hannu ana taɓe baki. Na amsa tun Ɗanliti bai rufe baki ba.

Ranar tafiya Inna ta leƙo soro ta ce, "Nafi'u, ashe gonar taka har ƙetare take zuwa?" Ta yi dariya, amma addu'ar da ta biyo baya ta fi dariyar tsawo. Yaya Hamisu ne ya kama mini muka ɗora. Ya shimfiɗa buhunan ƙaiƙayi a ƙasa, ya ɗaure igiya da hannunsa, ya jijjiga ya ga ba ta motsi. Sannan ya ce, "Ka kula da ita. Ita ke nan gare ka."

Ɗanliti ya ce in shigo gaba, na ƙi. Na hau baya na zauna tsakanin manyan sifikun, hannu ɗaya a kan kowace. Ta Dambatta muka bi, muka wuce Kazaure. Tuƙin Ɗanliti na zamanin nan ne: duk inda hanya ta ɗan gangara sai ya kashe inji mu sulale shiru, in ta miƙe ya tayar da wata irin girgiza da nake ji har a haƙorina. Kuma duk wanda ya ɗaga hannu sai ya tsaya, wai mai ba ya sayen kansa. Kafin Daura mun ɗauki wata tsohuwa da kwandon daddawa. Ta dudduba ta ga babu wurin da ya fi kan amfilifaya tsafta, ta ɗora kwandonta, ita kuma ta haye sifika ta miƙe ƙafa.

Na ce, "Iya, wannan ba kujera ba ce."

Ta ce, "To mece ce, ɗan nan?"

"Abin kiɗa ne."

"Au. To ai yanzu ba ya kiɗan."

Haka na sauke ta da lallashi na ba ta buhun ƙaiƙayina, ni na tsuguna a kan ƙarfe mai zafi. Warin daddawar kuwa har Nijar ya raka mu.

A kan iyaka, ta ɓangarenmu, wani mai kaki ya taso daga inuwa riƙe da dogon ƙarfen nan mai tsini da ake soka wa buhu don a ga abin da ke ciki. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa babbar sifika da ƙarfen.

"Mene ne a cikin wannan?"

Na ce, "Iska ce, ranka ya daɗe."

Gaskiya na faɗa, don akwatin sifika yawancinsa iska ne. Shi kuwa ya ɗauka raini ne. Ya ce, "Akwati kamar rumbu ka ce mini iska? Shinkafa dai, ko mai." Ya saita tsinin ƙarfen a kan ragar gaba, daidai inda takardar sifikar take. Ban san lokacin da na diro na tare da ƙirjina ba.

"Sai dai ka fara soka ni."

Ɗanliti ya yi ta ba da haƙuri. A ƙarshe aka yarda in kwance bayan akwatin. Na durƙusa a rana ina warware kusoshi, gumi yana shiga idona, shi yana tsaye a kaina. Da na buɗe ya zura kai, ya ga maganaɗisu da waya da iskar da na ce. Ya shinshina ya ce, "Amma akwai daddawa." Sannan ya tambaye ni me na sayar na sayi wannan abu. Ɗanliti mai dogon baki ya riga ni, ya ce, "Gona." Mutumin ya dube ni, ya dubi akwatin, ya girgiza kai ya ce mu wuce.

Ta can ɓangaren jandarmomi ne, a zaune ƙarƙashin bishiya. Su ba sa ihu. Za a gaishe ka, a karɓi katinka, a juya shi gaba da baya, a ajiye a kan tebur, a ci gaba da hira kamar ba ka wurin. Namu suna gajiyar da kai da tsawa, nasu da haƙuri. Sai da inuwar bishiyar ta matsa sannan aka miƙo mana.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar ba raƙuma ba ne, ba amalanke ba ne. Ƙasa ce. Ni da na fito daga inda 'yan uwa suke daina gaisawa a kan kunya ɗaya ta gona, sai ga fili kwance har iyakar ganina, gari a nan, wani garin sai ka gaji da jira. Na buga wa Ɗanliti rufin mota na ce, "Duk wannan na waye?" Ya leƙo ya ce, "Yashi ne, ba ya ba da komai." Duk da haka na yi ta kallo har wuyana ya gaji.

Alhaji Lawali ya karɓe mu hannu bibbiyu, ba zan ci amanarsa ba. Dogo ne, mai fara'a, mai son a ce ya yi. Ya sa an gyara mini ɗakin baƙi da katifa, na ce a sito zan kwana tare da kayana. Ya yi dariya ya ce, "Ku mutanen Kano ba ku yarda da kowa ba." Aka kawo fura mai ruwa-ruwa, wadda su sha suke kamar ruwa tun safe har yamma. Aka kawo shinkafa da taliya a haɗe, nama a kai wanda rabon da in ga irinsa tun layyar da Baba yana raye. Burodin nasu kuma, tunda shi kuke tambaya, eh ya kai tsawon hannu, kuma in ya kwana za ka iya korar akuya da shi.

Hausarsu Hausa ce, amma sai ka kasa kunne. Janareta gurup ne, sifika bafil ce, wutar lantarki kuran. Na ce a kawo mini wayar wuta, aka tsaya ana kallona. Su kuma duk abin da na faɗa sai su maimaita suna dariya, wai Ɗan Kano yana magana kamar rediyo. Kafin gari ya waye kowa a unguwar ya san ni da Ɗan Kano. Na ɗauka iyakar bambancin ke nan, 'yan kalmomin Faransanci da za ka tambaya a gaya maka. Ban kawo cewa kalmar da za ta kashe ni irin wadda na sani tun ina goye ce ba.

Da hantsi dijen ango ya iso. Sunansa Isufu, amma Aradu ake ce masa. Saurayi ne mai ladabi, ya gaishe ni da hannu biyu yana ce mini patiron, wato maigida. Yana sanye da jar riga, an rubuta JA da manyan baƙaƙe a ƙirjinta. Na ce a raina, wannan wane irin gari ne da sai an rubuta wa mutum launin rigarsa? Ya zagaya sifikun yana shafa su, ya ce bai taɓa hawa bafil irinsu ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Muka haɗa kaya a filin ƙofar gida. Ko waƙa bai sa ba ya kai hannu kan ikwalaiza, hagu sama, dama sama, tsakiya ƙasa. Na miƙar da su. Na juya in duba janareta, kafin in dawo murmushin ya koma.

Na ce, "Isufu, bar tsakiyar nan a wurinta. In murya ta fito ba sai ka ƙure ƙarfi ba."

Ya ce, "Patiron, a nan in ƙasa ba ta girgiza ba mata ba sa fitowa."

Na nuna masa fitilun amfilifaya na ce in wannan ta sama ta kama, ya sauke hannu. Ya ce babu komi. Ban ƙara masa da komai ba, tunda na san a bayansa zan tsaya kamar kullum. Ana haka Alhaji Lawali ya zo duba aiki. Ya ga fitilun suna wasa, kore da rawaya, suka burge shi. Ya ce ai wannan ado ne, bai kamata a ɓoye shi a bayan tebur ba, a juyo da shi ya fuskanci rumfar manyan baƙi. Aka juya. Yanzu kowa yana ganin fitilun ban da mai taɓa maɓallan.

Bayan la'asar fili ya cika. Na je na tsaya a wurina, bayan Aradu. Sai ga Alhaji ya kamo hannuna.

"Haba Ɗan Kano! Baƙona da ya keto ƙasa ya tsaya a rana kamar ɗan dako? Me za a ce da ni?"

Na ce aikina ne. Ya ce a garinsu mai sono ba ya tsayawa a kan animater, wato dije, raini ne ga ango. Ya ja ni har rumfa, ya zaunar da ni a kujerar roba a tsakiyar dattawa, yana gaya wa kowa ga mai sono daga Kano. Ina ganin teburin daga can, amma tsakanina da shi akwai filin rawa, mata sun kewaye shi cikin atamfa iri ɗaya. A wurinmu rawar biki ta matasa ce, manya sai su yi kamar ba su san ana yi ba. A can iyaye mata ne a gaba, kuma filin nasu ne su kaɗai, maza sai kallo daga gefe.

Wani dattijo kusa da ni yana dafa shayi a ɗan kasko. Ya miƙo mini a ɗan kofin da bai fi marfin kwalba ba, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Ya ce shayinsu hawa-hawa ne, kuma wanda ya sha na farko ba ya tashi sai ya sha na ƙarshe, in ba haka ba ya zagi mai dahuwa. Na karɓa ina murmushi, idona a kan fitila.

Da farko kore ce. Aradu ya iya aikinsa, ya san waƙar da za ta biyo wata, mata suka fito. Sai rawaya ta fara zama. Ina jin muryar mawaƙin tana nutsewa, na san me zai biyo baya, kuma ya biyo: ya ƙara ƙarfi. Ja ta ƙyafta. Na yunƙura, dattijon ya dafa gwiwata.

"Saura na ƙarshe, Ɗan Kano. Shi ne mai zaƙin."

Na koma na zauna. Ta ƙyafta, ta ƙyafta, sannan ta tsaya cak ba ta mutuwa. Na ture hannunsa na tashi, kofin ya faɗi. Na nufi filin zan ratsa, wata tsohuwa ta tare ni da hannu a ƙirji.

"Ina za ka, baƙo? Namiji ba ya ratsa fili."

Babu hanya. Aradu yana can kansa a sunkuye yana rausaya. Sai na yi abin da bakina ya saba. Na ɗaga hannu ina nuna fitilar, na buɗe murya iya ƙarfina.

"Ja! Ja!"

Wata mata a bakin da'irar ta juyo ta dube ni, fuskarta ta washe. Ta rangaɗa guɗa ta ce, "Kun ji! Ɗan Kano ma ya ce a ja!" Sai ta kusa da ita ta ɗauka, ta gaba ta ɗauka. Kafin in ja numfashi filin gaba ɗaya yana tafi yana cewa, "Ja! Ja! Ja!" Har dattawan rumfa suna gyaɗa kai. Aradu ya ɗago, ya hango ni da hannu a sama ina ihu. Ya washe baki, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ɗauki makirufo.

"Mai sono da kansa ya ba da izini! Jama'a, za mu ja!"

Ya sa tafin hannunsa ya tura maɓallan hagu har ƙarshe.

A lokacin na gane rubutun rigar. A garin nan in rawa ta yi daɗi mata suna son a ƙara bes, abin da suke cewa ke nan, a ja kiɗan. Da shi Aradu ya yi suna. Ni ina kiran launi, su suna jin umarni.

Ƙasa ta girgiza kuwa, yadda ya yi alkawari. Na koma cewa, "Rage! Kashe!" amma muryar mutum ɗaya ba ta fita a cikin wannan. Sautin ya fara yagewa kamar ana keta sabon yadi. Sai warin ya iso, warin da duk mai kaya ya sani, kamar gashi da roba a wuta. Babbar sifikar hagu ta yi shiru. Aradu ya ji ƙarfi ya ragu, ya yi abin da kowane dije yake yi, ya ƙara. Na kwasa da gudu na zagaya ta bayan rumfa, na tsallake tukwanen abinci, na faɗa kan janareta na kashe. Da na juyo hayaƙi yana fita daga amfilifaya, siriri, a hankali. Mata suna ta ƙorafin wane ne ya kashe musu gurup ana tsakiyar daɗi.

Na durƙusa gaban ta dama na danna takardarta da yatsa. Mai lafiya tana shiga ta dawo shiru. Wannan ta yi ƙarar yashi.

Washegari aka zauna a zauren Alhaji Lawali, shi da dattawan rumfa. Na yi bayani tiryan-tiryan, fitila, koyil, murmushi, da abin da nake nufi da ja. Suka saurara har na gama. Sai mai shayin nan ya ce, "To Ɗan Kano, mu dai da Hausa muka ji ka. Da bakinka ka ce a ja, hannunka a sama. Duk garin nan shaida ne." Wani ya ce, "Me ya hana ka ce a rage?" Me zan ce? In ce a Dawakin Tofa kowa ya sani? Wani daga baya ya kasa riƙe dariyarsa, sauran suka taya shi, ba da mugunta ba. Da da mugunta ne da na sami wanda zan tsana.

Alhaji ya cika mini abin da muka yi da shi, bai rage ba bai ƙara ba, ya haɗa mini da ƙunshin kilishi da dabino. Ya ce kayan zamani ne ba su da ƙwari. Muna ɗaure igiya Aradu ya zo, ya canza riga. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Wallahi patiron ban sani ba. Amma in gaya maka gaskiya, ban taɓa hawa sonon da ya ɗauki ja irin naka ba. Za a daɗe ana labarinsa a garin nan."

Yabo yake yi, har zuciyarsa. Na zare hannuna na hau mota.

A dawowa gaba na zauna. A kan iyaka mutumin nan mai ƙarfe ya taso, ya gane mu, ya ce, "A'a, mai iska! An dawo?" Ya ƙwanƙwasa akwatin don wasa. Ban ko sauko ba, na ce ta taga, "Soka, ranka ya daɗe. Soka duk inda ka ga dama." Ya tsaya ya dube ni. Ya sauke ƙarfen ya ce, "Allah ya mayar da alheri," ya ɗaga mana shinge.

Na biya ta Kano wurin mai gyaran da na saba da shi. Ya buɗe, ya zaro koyil ɗin ta fito baƙa ƙirin tana marmashewa a hannunsa. Ya buɗe amfilifaya ya yi salati. Ya ce kayan gyaran duk daga waje suke zuwa, kuma yanzu da dala suke kwana suke tashi. Kuɗin gyaran da ya faɗa ban ma tsaya taya shi ba. Da zan tafi ya buga gefen akwatin ya ce, "Katakon dai mai kyau ne."

Inna ba ta tambaye ni komai ba, ta ga fuskata. Yaya Hamisu ya kwance igiyar nan tasa, ya naɗe ta a hannu, ya kama mini muka shigar da su soro. Da dare kwanon tuwo ya zo. Kilishin Alhaji na rarraba wa maƙwabta, wasunku da ke tambayata labari kun ci.

Bayan 'yan kwanaki ruwa ya sauka, aka yi shuka, lokacin huɗa ya zo. Wata safiya Yaya ya tsaya a ƙofar soro ya ce an ba shi aiki, kuma ba shi da mai riƙe masa shanu a gaba, ko zan zo a raba abin da aka samu. Aikin yara ne, ni da shi duk mun sani. Na sa takalmi na bi shi. Ban tambayi gonar waye ba sai da muka karya kwana na hango tsamiyar.

Alhaji Bala ya kula da ita, ya zuba mata taki, geron ya fito kore shar. Yana tsaye a bakin hanya ya ce, "A'a, Nafi'u, mutanen Nijar! Ai ka fi kowa sanin kan gonar nan." Na gaishe shi. Yaya ya ɗaura wa shanun garma, ya kafa bakinta a kunyar farko, daidai inda Baba ya fara koya mini riƙe fartanya. Ya miƙo mini igiya. Na karɓa na tsaya a gaban shanun, ina kallon tsamiyar, ƙafata ta ƙi ɗagawa.

Daga bayana Yaya ya ce, a hankali, ba tare da ya san me yake faɗa ba, "Ja mana, Nafi'u."

Na ja.